Wave Hill, Kalkarindji, Daguragu, Jinparrak: wuri ɗaya ne ko wurare huɗu?

Bashir_Katherine

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin gyaran famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana a garin Katherine, Yankin Arewa na Ostireliya. Kwanan baya aiki ya kai mu kudu maso yamma ta hanyar Buntine, har gandun kiwon shanu da ake kira Wave Hill.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. A takardar aikinmu an rubuta Wave Hill. Allon bakin hanya ya ce Kalkarindji. Wani dattijo ɗan ƙabilar Gurindji da ya yi mana kwatance ya ce shi a Jinparrak aka haife shi, wai "tsohon Wave Hill", amma yanzu a Daguragu yake zaune. Direbanmu kuma Daguragun nan Wattie Creek yake ce mata. Da na tambayi dattijon me ya raba su, sai ya ce mini labarin dogo ne, kuma ga rana ta yi.

To, wanda ya sani don Allah ya warware mini. Wuri ɗaya ne mai suna da yawa, ko wurare ne daban-daban? Wa ya raɗa wa gandun suna Wave Hill, alhali babu teku balle igiyar ruwa a kusa? Kuma me ya sa mutanen wurin ke ambaton shekarar 1966 kamar jiya aka yi ta?

Malam Haruna (Darwin)

Wa alaikumus salam Bashir, sannu da aiki. Wurare ne daban-daban, kuma abin da ke rikita baƙo shi ne sunan Wave Hill ba ya zama wuri ɗaya. Suna ne na takardar haya da na gidan manaja. Duk inda kamfani ya ɗauke gidansa, sunan sai ya bi shi. Sunayen Gurindji kuwa na ƙasar ne, kowanne yana nan inda yake tun kafin saniya ta taka wurin. Idan ka riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne.

Bari in fara da kogin, domin shi aka fara raɗa wa sunan Turawa. A 1839 jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle ya iso bakinsa, kyaftin ɗinsa John Wickham ya sa masa sunan Sarauniya Victoria. A 1855 da 1856 Augustus Gregory ya hau kogin da tawagarsa, yana tafe yana rarraba sunaye: Timber Creek saboda a nan suka yanki katakon gyaran jirginsu, kogin Baines saboda mai zanen tawagar, Thomas Baines. Rahoton Gregory na ciyawa mai kyau ne ya janyo hankalin masu shanu, ko da yake sai da aka yi kusan shekara 30 kafin su iso.

Wanda ya kafa Wave Hill shi ne Nathaniel Buchanan, a 1883. An haife shi a Ireland a 1826, ya yi suna wajen koro garke ta jejin da babu hanya, har ya taɓa kawo shanu kusan 20,000 daga Queensland zuwa Yankin Arewa. Ya zo tare da 'yan'uwan matarsa biyu, Hugh da Walter Gordon, da wani abokin aikinsa Sam Croker. Croker ɗin ne ya ga yadda tuddan wurin ke hawa da sauka layi-layi kamar raƙuman ruwa, ya ce Wave Hill. Ka ga ke nan babu ruwan teku a ciki, siffar ƙasa ce. Shi kuma Walter Gordon, Wattie ake kiransa, kuma ni dai a ganina daga nan ƙoramar da direbanku ya ambata ta samo sunanta na Turanci. Buchanan bai ci moriyar wurin ba. Kasuwa ta yi nisa, bashi ya yi masa yawa, a 1894 gandun ya koma hannun ɗan'uwansa William. Sunansa dai yana kan hanyar Buchanan da ka haɗu da ita a Top Springs.

Gidan farko a kusa da gaɓar kogin Victoria aka gina shi, a wurin da Gurindji ke kira Malalyi-malalyi, daf da Kalkarindji ta yau. Wannan ne Wave Hill na ɗaya. Shekarun nan na farko shekarun jini ne, kuma ba na son in wuce su da gudu. Shanu sun mamaye mashaya, sun tattake abincin da mutane ke haƙa, mutane suka soki shanu da mashi, masu gandu suka fita da bindiga a kan dawakai. Taswira kanta tana ɗauke da shaidar. Akwai wani tudu da Turawa suka rubuta Blackfellows Knob, wato tudun baƙaƙe. Gurindji Tartarr suke ce masa, kuma dattawansu sun ba da labarin kisan da aka yi wa kakanninsu a can. Haka Seale Gorge, wanda suke kira Warluk. Waɗanda suka tsira da yawansu sun shigo gandun ne don a nan kaɗai ba za a harbe su ba, daga nan suka zama su ne hannun aikinsa.

A 1914 kamfanin Vestey ya saye gandun. William da Edmund Vestey mutanen Liverpool ne, sun yi arziki da ɗakunan sanyaya nama da jiragen ruwa, suna da gandaye a ƙasashe da dama. A nan Darwin ma sun gina katafariyar mayanka a Bullocky Point, ta fara aiki a 1917, aka rufe ta a 1920. Makarantar sakandare ce a filin yanzu.

A 1924 kogin Victoria ya yi ambaliyar da ta share gidan farko. Kamfani ya matsa nesa da kogi, ya sake gini a Jinparrak. Wannan ne Wave Hill na biyu, kuma shi ne inda dattijonka ya ce an haife shi. Shekara 40 da 'yan kai mutanen Gurindji, da wasu Mudburra da Warlpiri, suka yi a nan. Maza suna hawan doki, suna tattaro shanu, suna ɗora musu tambarin wuta, suna kafa shinge. Mata suna wanki da girki da ɗibar ruwa a gidan manaja. Su kuma a bukkokin kwano suke kwana, wasu sai an rusuna ake shiga, babu famfo babu bayan gida. Ladan aiki shi ne busasshen nama mai gishiri, burodi ko fulawa, shayi, sukari da taba. Tsakanin 1944 da 1946 kamfanin da kansa ya ɗauko masu binciken al'adu biyu, Ronald da Catherine Berndt, don su gano dalilin da ma'aikata ke raguwa. Suka tarar da yunwa, haihuwa ta yi ƙaranci, jarirai suna mutuwa. Ba a yi aiki da rahoton ba.

Yanzu ga 1966 ɗinka. A watan Maris na shekarar hukumar sasanta albashi ta tarayya ta yanke cewa makiyayi ɗan asalin ƙasa ya cancanci albashi daidai da na Bature, amma ta ɗage aiwatarwa har Disambar 1968 don masu gandu su shirya. A lokacin abin da doka ta yanka wa baƙin makiyayi bai kai rubu'in na Bature ba, kuma ko shi ba kullum yake shiga hannunsa ba. Ma'aikatan gandun Newcastle Waters suka fara yajin aiki. Sannan ranar 23 ga Agustan 1966 Vincent Lingiari, wanda shi ne shugaban makiyayan Gurindji a Jinparrak, ya ja mutane kusan 200, maza da mata da yara da tsofaffi, suka bar gandun da ƙafa. Suka bi layin shinge, suka sauka a busasshen gadon kogin Victoria kusa da sansanin gwamnati da ake kira Wave Hill Welfare Settlement. Ka lura, ga sunan ya sake fitowa a wani wuri dabam. Wannan sansanin ne ya zama garin Kalkarindji, shi ya sa har yau tsofaffin direbobi ke ce wa garin Wave Hill.

Ƙungiyoyin ƙwadago da suka kawo musu abinci daga Darwin sun ɗauka maganar albashi ce. Dexter Daniels, jami'in ƙungiyar ƙwadagon Arewa kuma shi ma ɗan asalin ƙasa, da marubuci Frank Hardy, suna cikin waɗanda suka tsaya musu. Kamfani ya zo da tayin ƙarin kuɗi, Lingiari ya ƙi. A 1967 suka tashi daga bakin kogi suka koma Wattie Creek, kimanin kilomita 8 daga sansanin, cikin filin da Vestey ke haya, suka kafa gari, suka kira shi da sunansa na asali, Daguragu. Zaɓen wurin ba don ruwa kaɗai ba ne, yana kusa da wurarensu masu tsarki. Daga nan suka aika wa Gwamna Janar Lord Casey takardar koke, suna neman a mayar musu da murabba'in mil 500 na ƙasarsu. Aka ƙi. Suka zauna.

Daga fitarsu a 1966, gwagwarmayar ta kai shekara 9. Ranar 16 ga Agustan 1975 Firayim Minista Gough Whitlam ya zo Daguragu, ya miƙa takardar hayar fili fiye da murabba'in kilomita 3,000 da aka yanko daga gandun, ya ɗebi ƙasa ya zuba a tafin hannun Lingiari. Hoton da Mervyn Bishop ya ɗauka na wannan lokaci yana cikin hotunan da kowa ya sani a ƙasar nan. Dokar haƙƙin ƙasa ta Yankin Arewa ta biyo baya a 1976, kuma a 1986 hayar ta zama mallaka ta dindindin.

Saura Wave Hill na uku. Bayan ma'aikata sun tafi, kamfani ya bar Jinparrak ya gina sabon gida a Jamangku. Nan ne aka rubuta a takardar aikinku. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sunan da Croker ya raɗa ya yi ƙaura sau biyu ya kuma ara wa sansanin gwamnati kansa, amma dattijonka bai yi kuskuren inda aka haife shi ba, domin Jinparrak ɗaya ce.

Hajiya Binta RN

Malam Haruna, Allah Ya ƙara sani. Na yi aikin jinya a asibitocin ƙauyukan wannan yanki, bari in ƙara wa ƙanena Bashir abu biyu da za su yi masa amfani in ya koma.

Na farko, sunayen nan ba lakabi ba ne kawai. A wurin Gurindji kusan kowane tudu da mashaya yana da labarin yadda ya samu, abin da suke kira puwarraja, kuma akwai iyalin da ke da alhakin kula da shi. Misali dutsen Karungkarni da ke kusa da Kalkarindji, labarinsa na yara ne, kuma daga gare shi cibiyar masu zane ta garin ta ɗauki suna. Wasu wuraren na maza ne, wasu na mata. Don haka Bashir, in aikin rijiya ya kai ku gefen wani dutse ko wata ƙorama aka ce kada ku je can, kada ku tsaya neman dalili, ku kauce. Ba kowane suna ma ake faɗa wa baƙo ba.

Na biyu, ka yi hankali da sunan mamaci. In mutum ya rasu, akan daina ambaton sunansa na wani lokaci, har mai irin sunan ma a canja masa abin kira. A Lajamanu, wadda a da ake kira Hooker Creek, Warlpiri suna cewa kumanjayi a madadin sunan. Mu a asibiti kullum muna duba wannan kafin mu ɗaga murya mu kira mutum. Sunan Lingiari ya fita daga wannan, ya rasu tun 1988, iyalinsa suna ambatonsa a fili, har mazaɓar majalisar tarayya da ta haɗe kusan duk Yankin Arewa sunansa take ɗauke da shi.

Kuma ka ji suna ce maka kartiya, kada ka ji haushi. Asali Bature ake nufi, amma duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba yana iya shiga ciki. Su kuma kansu ngumpin suke cewa.

Musa_Roadtrain

Malam, na yarda da tarihin, amma akwai inda ban bi ka ba. Yadda ka tsara shi, sai mutum ya ɗauka sunan Turawa na wucin gadi ne, na Gurindji ne kaɗai na gaskiya. Ni shanu nake ɗauka da doguwar tirela a wannan hanya, kuma da kunnena nake jin tsofaffin Gurindji suna cewa Wave Hill, suna cewa Wattie Creek, ba tare da ɗaci ba. Dattijon Bashir ma ai da bakinsa ya ce "tsohon Wave Hill". Mutanen nan suna alfahari da aikin shanu. Za ka ga tsoho da faffaɗar hula da takalmin hawa, ya lissafa maka rijiyoyi da shingayen gandun ɗaya bayan ɗaya, domin shi ya kafa su. Da suka samu Daguragu ma shanu suka zuba, suka kafa kamfanin kiwo nasu. Sunan Wave Hill ya zama nasu da gumi, ba na Croker kaɗai ba ne kuma.

Sannan akwai sunayen da ba ka taɓo ba, na burtali. Kafin tirela, da ƙafa ake fitar da shanun Wave Hill da na gandun Victoria River Downs zuwa gabas, ta burtalin Murranji, daga Top Springs zuwa Newcastle Waters, fiye da kilomita 200 cikin kurmi mai sarƙaƙiya. Buchanan ne ya fara ratsa shi a 1886, kuma mutanen Mudburra ne suka nuna masa mashayar Murranji, wadda sunanta ya zama na burtalin duka. Ga suna na 'yan ƙasa da Turawa suka ɗauka suka riƙe. Masu koro garke suna tsoron wannan hanya sosai. Ruwa ya yi nisa da juna, ƙasar tana amsa kuwa ƙarƙashin kofato, shanu su firgita da dare su ruga cikin itatuwa. Mutane sun mutu a can da ƙishirwa da zazzaɓi. Gwamnati ta haƙa rijiyoyi a kai wajen 1920, shi ya sa za ka ga wurare da ba su da suna sai lamba. A 1967 aka kora garke na ƙarshe. Abin da ya kashe burtalin shi ne irin motar da nake tuƙawa, kuma hanyar da Bashir ya bi sunan Noel Buntine take ɗauke da shi, mutumin da ya yi fice a jigilar shanu da tirela.

Wani abu kuma mai ɗaci da ya kamata a faɗa. Da albashi ɗaya ya fara aiki a 1968, gandaye da yawa suka sallami baƙaƙen ma'aikata, suka koma ga shinge da babur da jirgi mai saukar ungulu. Iyalai da dama sun rasa aiki sun kuma rasa zama a ƙasarsu lokaci ɗaya.

Malam Haruna (Darwin)

Malam Musa, maganarka ta gumi gaskiya ce, kuma Gurindji da kansu bikin da suke yi duk watan Agusta na tunawa da fita daga Wave Hill ne, ba su goge sunan ba. Hanyar da suka bi daga Jinparrak zuwa Daguragu ta shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa a 2007 da wannan sunan. Inda nake tsaye shi ne wajen shari'a. Lokacin da ake neman ƙasa a gaban alƙali, ba a tambayar mutum shingen da ya kafa. Ana tambayarsa sunan mashaya, labarinta, waƙarta, da wanda ya gada daga gare shi. Da waɗannan sunaye aka samu Daguragu, da su kuma kotun tarayya ta amince a 2020 cewa haƙƙin gargajiya na 'yan ƙasa yana nan a kan gandun Wave Hill kansa, ko da yake hayar kiwo tana ci gaba a hannun masu ita. Vestey ya sayar tun 1992, an kuma sake sayarwa bayan nan.

Kan sallamar ma'aikata ma ina tare da kai. Shi ya sa nake ganin Lingiari ya yi hangen nesa da ya ƙi tsayawa a kan albashi. Mutanen Victoria River Downs sun bi sawu a 1972, suka fita suka zo Daguragu, daga baya suka koma suka kafa Yarralin.

Bashir_Katherine

Na gode ƙwarai Malam Haruna, Hajiya, da Yaya Musa. Tambaya ɗaya ta rage. Wata mai zuwa za mu je wani wuri da aka rubuta mana Pigeon Hole. Shi ma yana da wani sunan? Kuma ana buƙatar izini kafin a shiga Daguragu ko a je ganin kangon Jinparrak?

Hajiya Binta RN

Pigeon Hole ita ce Nitjpurru, a gaɓar kogin Victoria, arewa da Kalkarindji. Asali reshen gandun Victoria River Downs ne, mutanenta yawanci Bilinarra ne, 'yan'uwan Gurindji ta harshe. Sunayen biyu duk ana amfani da su, amma akwai gidan gandu akwai kuma ƙauyen, don haka ka tambayi wanda ya aiko ku wanne yake nufi. In damina ta sauka kuma ku fara tambayar halin mashigin kogi, domin ambaliyar 2023 sai da ta sa aka kwashe mutanen Nitjpurru da Daguragu da Kalkarindji zuwa Darwin.

Kalkarindji buɗaɗɗen gari ne, kana iya shiga. Daguragu kuwa tana kan ƙasar 'yan asali, izininta ta hannun Central Land Council, hukumar kula da filayen 'yan asali, ake nema, kuma wanda ya ba ku kwangila shi ya kamata ya shirya muku tun kafin ku tashi. Jinparrak tana cikin filin haya na gandun, don haka kada ka kutsa kai kaɗai. Ka tambaya a ofishin ƙungiyar Gurindji da ke Kalkarindji, su haɗa ka da mai rakiya, su kuma sanar da gidan manaja.